Kullum ina kashe kwamfutata, amma ta ce kwana 19 take a kunne

Ɗan Zazzau (Madina): Assalamu alaikum. Ɗalibi ne ni a Jami'ar Musulunci ta Madina, kwamfutata HP ce mai Windows 11. Da an kira salla sai in rufe murfinta in sa a jaka, da daddare kuma in danna Shut down. Jiya bayan la'asar na ciro ta da zafi rau, batir saura kaɗan. Na leƙa Task Manager, wurin da ke nuna abin da kwamfuta ke yi, wai kwana 19 ba a kashe ta ba. Risalata, wato kundin bincikena, gaba ɗaya tana cikinta, wallahi hankalina ya tashi. Ina kuskuren yake?

Abu Maryam (Jidda): Wa alaikumus salam Malam. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kwantar da hankalinka kan kwana 19 ɗin. Tun Windows 8, a 2012, aka shigo da Fast Startup. In ka danna Shut down ba ta mutuwa duka, takan ajiye wani ɓangaren Windows a faifai don ta tashi da sauri, shi ya sa lissafin bai koma sifili ba. Restart ne ke sake ta daga tushe, ko ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down. Sau ɗaya a mako ya isa.

Zafin nan ne ya dame ni. Rufe murfi barci ne kawai, RAM, wato ma'ajiyar da ke riƙe aikin da kake kai, na ci gaba da shan wuta, wani lokacin ma ta farka a cikin jaka inda babu iska. Ga kuma ranar Madina. Batir ba ya son zafi ko kaɗan, kumburarru nawa na cire da hannuna. Shiga Control Panel, Power Options, ka mayar da rufe murfi ya zama Hibernate, wato ta ajiye aikinka a faifai sannan ta mutu.

Ummu Sadiƙ (Makka): Ƙanena, don Allah kada ka danne maɓallin wuta don kana sauri. Na yi haka tana tsakiyar update saboda na ji an tada iƙama, Windows ta ƙi tashi, da ƙyar aka ceto hotunan yarana. Risalar nan ka kwafe ta a filashi yau, kafin ka kwanta.

Ɗan Zazzau (Madina): Na gode Yaya, na kwafe. Malam Abu Maryam, na yi Restart, lissafin ya koma minti 2. Hibernate kuma zan gwada ta da magariba in sha Allahu.