Maigida yana hanya, ni ina gida: wace manhaja ce za ta riƙa tuna mana abubuwa tare?

Uwar 'yan biyu, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan abin da za ku ga kamar ƙarami ne, amma yana neman ya zame mana rigima a gida. Baban yara direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya kai Injamena ta Kusseri. In ya fita, sai Allah ya dawo da shi, don ba shi da ranar dawowa tsayayya. Ni kuma ina ɗinki a nan Yelwa, ga yara huɗu, 'yan biyun ƙarshe watansu biyar.

Abubuwan da ke kanmu suna da yawa: kuɗin haya, kashi na biyu na kuɗin makaranta, zubin adashe duk Juma'a, kuɗin mitar wuta, ranar rigakafin yara, da maganin hawan jini na Inna mahaifiyarsa. Kowa sai ya zaci ɗan'uwansa ya yi. Kwanan baya aka koro babban ɗanmu daga makaranta, alhali kuɗin na nan kwance a wayar babansa. Shi yana ganin ai na ranta na biya, ni ina zaune ina jiran ya turo.

Ina son manhajar da in na rubuta abu zai fito a wayarsa, in lokaci ya yi ta yi ƙara a wayoyinmu duka biyu. Ta zama kyauta, kar ta cinye data. Wayata Tecno ce, tasa itel ce mai ƙaramin wuri. Kuma ku sani, mutumin nan ba ya son dogon rubutu, saƙon murya ya fi ganewa.

Malamin lissafi, Marwa:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki je neman sabon abu, duba wayoyin naku, mai yiwuwa Google Calendar na ciki tun daga kanti. Shi muke amfani da shi ni da uwargida. Hanya mafi sauƙi ita ce ki buɗe rukunin iyali a asusunki na Google, ki gayyace shi da adireshinsa na Gmail. Rukunin yana ɗaukar mutum shida har da ke, kuma da an buɗe shi sai kalandar iyali ta bayyana a wayar kowa. Duk abin da ɗayanku ya sa a cikinta, ɗayan zai gani.

Abin da ke maimaituwa, sau ɗaya za ki rubuta shi: adashe ki ce duk Juma'a, haya ki ce duk 5 ga wata ko ranar da kuka yi da mai gida. Kuɗin makaranta kuwa kada a dogara da tuni ɗaya. A sa biyu, na farko saura mako guda, na biyu saura kwana ɗaya, saboda tunin da ya zo ranar biya ba ya haifar da kuɗi. Sai dai kowannenku ya shiga wayarsa ya saita lokacin da yake son ƙarar, don saitin ƙarar na kowa daban ne. Abu mai daɗi kuma, da zarar abin ya sauka a wayarsa, ko yana tsakiyar dajin Waza babu rezo, wayar za ta yi ƙara. Rezo ana buƙatarsa ne kawai lokacin da sabon abu zai shigo.

Hajiya mai atamfa, Injamena:
Ke 'yar nan, bari in faɗa miki gaskiya. Namijin da ba ya karanta saƙo ba zai buɗe kalanda ba. Abin da yake buɗewa kullum shi za ki bi da shi, wato WhatsApp. Ki buɗe rukuni na ku biyu kawai, ki sa masa suna "Hidimar gida", kada a yi hira a ciki, kada a tura wa'azi ko hoton biki. Farkon wata ki rubuta jerin abubuwan da ranakunsu, ki maƙala saƙon a sama. Ana maƙala shi na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30, har saƙo uku a lokaci guda. In an biya abu, a ɗauki hoton rasit a jefa ciki. Mu da Alhaji haka muke, kuma tun daga nan babu "ai na faɗa miki", babu "ba ka faɗa mini ba".

Malamin lissafi, Marwa:
Hajiya, dabararki tana da kyau wajen ajiye shaida, amma saƙon da aka maƙala ba ya ƙara da kansa. Sai mutum ya tuna ya buɗe, ita kuwa mantuwar ce damuwarta.

Hajiya mai atamfa, Injamena:
To Malam, ita matar ba ta da baki ne? Ta yi masa saƙon murya mana.

Mai gyaran waya, kasuwar Kusseri:
Maman 'yan biyu, ni ta ɓangaren aikina zan shigo, don a teburina ake kawo ƙarar irin wannan. Mutum zai zo ya ce manhaja ba ta aiki, alhali wayar ce ke kashe ta. Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, kuma an yi su da tsarin tattalin batir mai tsanani: in allo ya daɗe a kashe, sai wayar ta rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye, tunin ya zo a makare ko ya ƙi zuwa sam. Duk wadda kuka zaɓa, ku shiga saitin batir ku cire ta daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ku ba ta izinin tashi da kanta, sannan ku tabbata an bar ta ta yi sanarwa da ƙara. Kuma maigida ya rage latsa maɓallin share waya ɗin nan da direbobi ke so, shi ma yana kashe ta.

Na biyu, maganar ƙetare gadar Ngeli. In ya shiga Chadi ya sa layin Airtel ko Moov don samun intanet, kalanda ba ruwanta, da Gmail take tafiya, ba da lamba ba. WhatsApp ma zai ci gaba da tsohuwar lambarsa ta MTN ko Orange muddin bai sake rajista ba. Inda za ku iya samun tangarɗa shi ne rukunin iyalin da Malam ya ambata: Google na son duk 'yan rukunin su kasance ƙasa ɗaya da wanda ya buɗe, kuma sau ɗaya kawai ake sauya rukuni cikin wata 12. In an buɗe asusunsa a matsayin na Chadi, gayyatar na iya ƙin shiga. Idan haka ta faru, a buɗe sabuwar kalanda a raba masa ta adireshinsa. Wannan kuma ana yin sa a shafin Google Calendar ta intanet, ya fi sauƙi a kwamfuta. Kowane shagon buga takardu zai yi miki cikin minti kaɗan, amma ki tabbata kin fita daga asusunki kafin ki tashi.

Kalmar sirrin Gmail ɗinsa kuma a rubuta a takarda a ajiye a gida. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina wani yaro ne ya buɗe musu asusun a kasuwa, ranar da waya ta faɗi ko aka sace, komai ya tafi.

Amaryar bana, Ngaundere:
Anti, ni TimeTree nake so. Ta 'yan Japan ce, an yi ta ne musamman don kalandar da mutane ke rabawa, akwai ta da Faransanci. Kowa da launinsa, nawa ja nasa shuɗi, kuma a ƙarƙashin kowane abu akwai wurin yin magana, sai ya rubuta "na biya" a nan. Kyauta ce amma da talla a ciki. Matsalar kawai sai an sauke ta an yi rajista, in wayarsa ta cika ba lallai ta samu wuri ba.

Uwargida ran gida, Marwa:
Amarya, ke da angonki har yanzu kuna zaɓen launi, bari yara su zo. Ni tambaya ɗaya zan yi wa mai tambaya, kuma kada a ga laifina: ke kaɗai ce a gidan? Don kalandar iyali duk wanda ke cikin rukunin yana ganin komai, har yana iya gogewa. Inda mata biyu ne, gara kowacce da tata kalandar tsakaninta da maigida, sai a yi ta uku ta abin da ya shafi kowa, kamar rabon kwana da cefane. In ba haka ba, ranar da ɗaya ta ga an rubuta kuɗin ɗinkin Sallah na ɗaya, sai an kira manya.

Uwar 'yan biyu, Garwa:
Yaya, ni kaɗai ce zuwa yanzu, sauran kuma yana wurin Allah da baban yara.

Ɗalibin jami'a, Ngaundere:
Wani zai ce miki Google Keep. Tana da kyau wajen jerin cefane, ku biyu kuna gani, wanda ya sayi abu ya soke shi. Amma tunin da kika sa a kan rubutun da kuka raba, wayarki kaɗai zai yi wa ƙara. Manhajar tuni ta masu iPhone kuma ba ta shafe ku ba.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
'Yar'uwa, ni maganar rigakafin ce ta tsayar da ni. Ranar da za ki sa a waya ita ce wadda aka rubuta miki a karnen yara, wato katin rigakafinsu, kada ki ƙirga da kanki. Bayan na haihuwa akwai na sati 6, sati 10 da sati 14, waɗannan ba a cika mantawa da su ba don suna kusa da juna. Wanda ke kuɓuce wa iyaye shi ne na wata 9, na ƙyanda da shawara, saboda tazarar ta yi tsawo, uwa ta koma sana'arta. Ki sa shi tun yau. Sannan tun watan Janairun 2024 Kamaru ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin na yau da kullum, ana farawa daga wata 6, sau huɗu ake yi. 'Yan biyunki sun kusa kai wa, ki tambaya a asibitin da kike zuwa ko ana bayarwa a can.

Akwai kuma maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a lokacin damina, a nan jihar Arewa da Arewa Mai Nisa. Duk wata ne, kwana uku a jere. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na rana ta biyu da ta uku ke za a bar wa, kuma a nan ake yawan sakaci. Wannan ba sai ya shiga wayar maigida ba, agogon wayarki ya isa.

Tsohon direba, Kusseri:
Ɗiyata, na yi shekaru a wannan hanyar, bari in yi magana a madadin mijinki. Mutumin da ke gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Garwa da kaya a bayansa, in waya ta yi ƙara ba zai duba ba, bai ma kamata ya duba ba. In ya tsaya kuma ya riga ya manta ta yi. Ki sa ƙarar bayan sallar Asuba kafin ya tayar da mota, ko bayan Isha in ya yada zango. Kuma kada ki cika masa waya da gishiri da kalanzir. In tana kuka sau goma a rana zai kashe ta gaba ɗaya, har da na hayar. Abu uku ko huɗu da kuɗinsu ke fitowa daga aljihunsa, su kaɗai.

Ki rubuta shi gajere yadda zai gane da kallo ɗaya: wane ne zai yi, nawa ne, wa za a tura wa. "Baba, haya, sefa 25.000, lambar mai gida." Kalmar nan ta farko ita ce maganin abin da ya sami ɗanku, don ranar kun san ta ku duka, wanda zai biya ne ba a faɗa ba. Amma lambar sirrin Orange Money ko MoMo kada ta shiga kalanda ko WhatsApp, yaran mota suna ɗaukar wayar ubangidansu.

Sannan ki jira ya dawo ya ci ya huta, ku zauna ku shirya tare. In kika sa masa daga nesa, zai ga kamar kin ɗora masa mai gadi.

Malamin lissafi, Marwa:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: a saitin Google Calendar ana iya nuna kwanan watan Hijira kusa da na boko, yana taimakawa wajen shirin azumi da Sallah. Sai dai lissafi ne, yana iya saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya, kuma maimaituwar abubuwa da watan boko take tafiya.

Uwar 'yan biyu, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ya dawo, mun zauna kamar yadda Baba ya ce. Ashe kalandar na cikin wayarsa, gayyatar ma ta shiga ba matsala. Mun sa haya, makaranta da rigakafi da sunan mai yi a gaba, rasit kuma a rukunin da Hajiya ta faɗa. Adashe da mita ya ce in riƙe su ni kaɗai, zai riƙa turo kuɗinsu farkon wata. Saura maganin Inna. Ita tana garin Gidar wurin ƙanwarsa, wayarta ƙarama ce mai maɓalli, babu intanet. Yaya za a yi da ita?

Mai gyaran waya, kasuwar Kusseri:
Ƙaramar waya ma tana da agogo mai ƙararrawa, a saita mata shi ya riƙa bugawa kullum a lokacin da likita ya ce ta sha. In an cire batirin, a sake duba agogon, wasu suna komawa baya. Ranar da maganin zai ƙare kuma ku sa a kalandarku saura kwana biyar, da sunan wanda zai aika kuɗin, sai a kira ƙanwar tasa ta saya.