Shawarwarin da muka tsinta daga hira kan Wesley So

Ranar Asabar mun zauna da wasu iyaye da masu koyar da wasan ces (wani irin wasan dara), hira ta kai mu kan Wesley So, yaron garin Bacoor a ƙasar Filifin. An haife shi a 1993, yana ɗan shekara 14 ya kai matakin babban gwani, lakabi mafi girma a wasan.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun abokin karawa. Wani malami ya ce yaro mai baiwa in ana haɗa shi da sa'anninsa kullum, sai ya saba da cin nasara, hannunsa ya mutu. A kai shi ya kara da manya, ya sha kaye, ya dawo a zauna da shi a bi wasan taku-taku har a gano inda ya yi sake. Ya tuna mana cewa a Gasar Kofin Duniya ta 2009 So ya fitar da manyan gwanaye Ivanchuk da Kamsky yana ɗan shekara 16. Ni ma nan na fi gamsuwa.

Kwamfutar nazarin wasa kuwa, a bar ta sai yaro ya gama nasa tunanin.

Wata uwa ta kawo maganar da ta taɓa ni: tallafi. Filifin ce ta ba Asiya babban gwaninta na farko, Eugene Torre, a 1974, amma So ya koma bugawa Amurka a 2014, kuma da tutarta ya doke zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen, a 2019. Ta ce a fara neman mai ɗaukar nauyin tafiye-tafiye tun yaro bai yi suna ba.