An yi wa Baba hoton CT da allurar kala, ya zan san ko ta taɓa ƙodarsa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu shekararsa 68, yana da suga da hawan jini tun yana koyarwa, bara aka ce ƙodarsa ta yi rauni. Ranar Litinin aka yi masa CT na ciki, aka zuba masa ruwan kala ta jijiya. Ni ina Sabon Gari wajen awon ciki, ƙanina ne ya kai shi, shi kuwa ba ya tambayar komai, ko takarda bai karɓo ba. Yau Laraba Baba ya ce jikinsa ba ƙarfi, tuwo loma biyu ya yi ya ture kwanon. Amma yana fitsari kamar kullum. In kwantar da hankalina?

Malamar jinya, Samaru: Kada fitsari ya ruɗe ki, sau da yawa irin wannan raunin ba ya rage shi. Jini ne ke tona asiri. Kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, yakan fara hawa cikin awa 24 zuwa 48 in kalar ta taɓa ƙoda, ya kai ƙarshen hawansa kwana 3 zuwa 5. Yau ce ranar gwaji, a kwatanta da sakamakon kafin hoton. Nawa ne eGFR ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda? Ƙasa da 30 ne aka fi jin tsoro. Yana shan metformin, maganin suga?

Wani ɗan Tudun Wada: Allah ya ba shi lafiya. Mu da Hajiyarmu gwaji kan gwaji, har gona muka sayar, ƙarshe wankin ƙoda dai aka yi. Ki dage masa da ruwa da zoɓo, zai wanke kalar.

Malamar jinya: Haba Malam! Mai ciwon ƙoda ba a ɗura masa ruwa ba awo, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Likitansa ne zai faɗi adadi.

Mai tambaya: Yana shan metformin, ba wanda ya ce a dakata. Jiya na sayo masa diclofenac a kemis saboda gwiwa, ƙwaya ɗaya ce fa, Anti.

Malamar jinya: Ki ajiye diclofenac ɗin nan, abokin gabar ƙoda ne. Metformin kuma ki kira likitansa yau kafin ya sake sha.

Mai tambaya: Ba sakaci na yi ba, ni kaɗai ke ɗawainiyarsa da tsohon ciki. Yaya ke riƙe da kuɗi, sai Asabar zai dawo daga Kaduna.

Wata 'yar Ƙofar Doka: Hmm, yayyen nan. Namu ma wata uku bai leƙo ba.