Musayar waƙa: Sulhun Juba, kuɗin tallafi da bindigar da ba a ajiye ba

Na-Kubwa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon Sudan na ɗauko mana, kan sulhun da gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙulla da 'yan tawaye a Juba. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Sarkin da bai taɓa saɓa alkawari ba.

Uku ga Oktoban 2020 aka zauna,
A Juba aka sa hannu, ban manta ba.

Kujera uku a majalisar ƙoli aka ba 'yan tawaye,
Da 75 a ta dokoki, wadda ba a kafa ba.

Dala miliyan 750 duk shekara ga Darfur,
Har shekara goma, asusu bai iya ɗauka ba.

Madugun tawaye Abdulwahid na Jabal Marra ya ƙi zuwa,
Alhilu shi ma bai sa hannunsa ba.

A Balin an yi alkawarin biliyan 1.8,
Sharaɗi ya iso, kuɗin bai biyo shi da wuri ba.

Mai tallafi ya yi tafi ya hau jirginsa,
Ya bar firaminista Hamdok da tukunyar da bai cika ba.

Baban Zuba:
Ƙanena na Kubwa, riƙe alƙalaminka,
Ka zagi baƙo ka tsallake masu kaki.

A Disambar 2020 Amurka ta goge suna
Daga jerin ta'adda, aka buɗe ƙofar banki.

Yunin 2021 aka shiga shirin yafe bashi,
Sama da biliyan 50, wannan babban aiki.

Sai 25 ga Oktoba, tun kafin gari ya waye,
Aka kama firaminista aka kulle a ɗaki.

Amurka ta tsai da miliyan 700 nan take,
Bankin Duniya shi ma ya taka birki.

Su Minnawi da Jibril da suka sa hannu a Juba,
Sun bar farar hula sun jingina da bariki.

Kai ko kukan biri kake ji a gona,
Ba ka duba ɓarnar da ya yi a ciki.

Mai Shayin Berger:
Allah ya ja zamanin Baba! Wannan "birki" da "bariki" kaɗai sun biya. Na-Kubwa, a kai kasuwa.

Ɗan Dei-Dei:
Kai Mai Shayi, ko tari Baba ya yi cewa za ka yi ya rera. Na-Kubwa bai ce soja na da gaskiya ba, cewa ya yi an rubuta kuɗin da babu shi.

Malamar Gwagwalada:
Baba na Zuba, ina gaisuwa da ladabi,
Amma lissafinka ya bar rabi a baya.

Kafin a yafe bashi sai an cika sharaɗi,
A janye tallafin mai, shi ne na ɗaya.

Na biyu a saki fam, kuɗin Sudan, ya nemi farashinsa,
Fabrairun 2021 aka bi wannan hanya.

Dala tana 55 a farashin gwamnati,
Ta koma 375 a kwana ɗaya.

Hauhawar farashi ta haura kashi 400,
Burodin safe ya gagari mai saya.

Aka ce ga tallafin Samarat, dala 5 a wata,
A kan kowane kai, don a rage wuya.

Rajista kuwa sai da lambar ɗan ƙasa,
Uwar da ba ta da ita ta goya ɗa ta juya.

Ciwo ya zo a guje, magani na rarrafe,
Soja ya ce kun gani, farar hula ba su iya.

Baba, mai juyin mulki shi ke da laifinsa,
Amma an share masa fili, wannan gaskiya.

Ɗan Aruli:
Ma'ana ta yi, amma dole in faɗi abin da kunne ya ji. Na-Kubwa, ɗangon nan naka na "dala miliyan 750" ka karanta shi da baki. "Ɗari bakwai da hamsin" gaɓa bakwai ce ita kaɗai, ka ƙara dala da miliyan da duk shekara da Darfur, numfashi ya ƙare kafin a kai ƙarshe. A rubuce gajere ne don lamba ta ɓoye shi. Malama kuma kin rufe baiti biyu da "ɗaya", tsakaninsu baiti guda kacal. Sa'annan "wuya" da "iya" da "gaskiya" lafiya lau, amma ɗangon 55 ya yi ɗingishi.

Na-Kubwa:
Malam, in na cire adadin me ya rage? Adadin shi ne hujjar. Gwamnatin da ke neman rance don ta sayo alkama ta rubuta biliyan 7.5 a takarda. Kari ya yi haƙuri.

Ɗan Aruli:
To ka rubuta maƙala mana. Wanda ya ce waƙa zai yi, ya yarda a auna shi.

Malamar Gwagwalada:
"Ɗaya" ta farko jeri ce, ta biyu adadin kwana. Ma'ana ta bambanta, Malam.

Ɗan Aruli:
Kunne ba ya jin bambancin, Malama. Lafazi ɗaya ne.

Mai Shayin Berger:
Shi ya sa nake bayan Baba. Baiti bakwai, bai maimaita kalma ba.

Ɗan Dei-Dei:
Amsa-amon "ki" ai arha gare shi. Na-Kubwa ma da "ba" ya yi, duk wanda ya iya korewa ya samu. Malama ce ta sha aiki.

Na-Kubwa:
Ɗan Dei-Dei, ɗazu kana bayana, yanzu ka sauya sheƙa?

Kawun Mararaba:
Ku yafe ni, kwana biyu ban leƙo ba. Na tarar an bar Sudan ana ƙidayar gaɓa.

Kun cika zaure da gardamar ɗango,
Babu wanda ya tambayi ina bindiga.

Ku dubi Laberiya, sulhun Akara 2003,
Abdulsalami ya shiga tsakanin masu jan daga.

Ka miƙa makami, a yi maka kati,
Sansani na 'yan kwanaki sai ka shiga.

Dala 300 ake ba ka, kashi biyu,
Rabi a ƙofa, rabi bayan ka tuɓe riga.

Kuskuren shi ne harsashi 150 ya isa,
Kwamanda ya raba wa dangi, kowa ya ruga.

An yi tsammanin mutum 38,000,
Sama da 100,000 suka yi layi a taga.

Makaman da aka tara ba su kai 30,000 ba,
Kuɗin koyon sana'a ya gaza, aka yi ta ɗaga.

Duk da haka soja 15,000 na Majalisar Ɗinkin Duniya na tsaye,
Sai da aka kwance ɗamara aka ce zaɓe a shiga.

Darfur fa? Wata uku bai cika da sulhu ba,
Rundunar kiyaye zaman lafiya ta naɗe ta ɗaga.

Hartum kuwa runduna biyu a gida guda,
Burhan na soja, Dagalo na RSF, kowa na da masu zuga.

Wannan ya ce shekara 2 a haɗe, wancan ya ce 10,
Sha biyar ga Afrilun 2023 aka fara buga.

Ɗan Aruli:
Kawu, "shiga" sau biyu, "ɗaga" sau biyu.

Kawun Mararaba:
Na ji, ɗana. Ka gyara min su, amma kar ka taɓa adadin.

Na-Kubwa:
Kawu ya kawo inda nake nufa. Kuma ba a Juba aka fara ba, a garin nan namu aka fara. Ga uku, na rage lamba don Malam ya huta.

Biyar ga Mayun 2006 a nan Abuja,
Obasanjo ya matsa, bai huta ba.

Minnawi kaɗai ya sa hannu cikin manyan 'yan tawayen Darfur uku,
Halil da Abdulwahid ba su yarda ba.

Diyyar dala miliyan 30 ga miliyoyin da aka kora,
'Yan sansani suka ce ba ta kai ba.

Ɗan Dei-Dei:
Malama, baitinki na tallafin mai ya taɓa ni. Ga nawa, ko ya yi ɗingishi.

Mu ma a Mayun 2023 mun ji irinta,
Lita ta tashi kafin a kawo ragowa.
Ma'aikacin Nyanya na tsaye tun asuba,
Kuɗin mota ya cinye na cefanen Uwa.

Baban Zuba:
Ɗan Dei-Dei, a bar Nyanya sai wani mako. Kawu, na karɓi taka: an kashe ƙarfi kan bashi da farashin fam, babin haɗa runduna aka bar shi ba mai biya, ba mai tsaro. Amma Malama ba ta kuɓuta ba.

'Yata ta Gwagwalada, na ji zancen fili,
To amsa min guda, ki bar yi min tsaki.

Da an raba Samarat kafin a saki fam,
Da lokacin miƙa kujera ya zo wa mai kaki,

Kamfanonin soja na hannunsa, zinari na Dagalo,
Dala 5 ce za ta sa ya saki mulki?

Ina jira, kuma da amsa-amona za ki amsa.