Ender 3 ko A1 mini: wacce ce ta mai ƙaramin ƙarfi?

Aminu: Salamu alaikum. Na ɗan tara kuɗi ina son firintar 3D ta kan teburi, wato mai ƙera abu da narkakken zaren roba, don in riƙa buga akwatunan na'urorin sola da nake haɗawa. Injiniya Bashir ya ce mai ƙaramin ƙarfi ba shi da zaɓin da ya wuce Ender 3. Haka ne?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. A 2018 kamfanin Creality suka fito da ita a kan wajen dala 200, tana buga abu mai faɗin milimita 220 da tsayin 250. Komai nata a fili yake. Bakin da ke fitar da robar ya toshe? Ka kwance ka ɗaura wani. Kayan gyaranta kuwa kamar jamfa a Jos.

Anti Zainab: Injiniya, araha ba ta ado. Ba ka gaya wa yaron nan yadda ake daidaita farantinta, wanda ake buga abu a kai, ba. Ka zura takarda tsakanin baki da faranti, ka murɗa wannan kusurwa, ka koma waccan, kafin ka gama ta huɗu ta farko ta goce. In ka kuskure kaɗan, zaren robar ya ƙi kamawa, ka dawo ka tarar da taliya. A1 mini ta kamfanin Bambu Lab, wadda ta fito a 2023, da kanta take auna farantinta.

Injiniya Bashir: Ai wannan murɗe-murɗen shi ne makarantar, Hajiya. Kuma A1 minin taki milimita 180 ce kawai ta kowane gefe.

Anti Zainab: Gyaran firinta ya ce zai koya, ko akwati zai buga ya sayar?

Musa: Ku yi haƙuri in tsoma baki, duk kun manta da wuta. Na taɓa sa aikin awa tara, saura ƙiris ya kammala aka ɗauke. Firintar tawa tana iya ci gaba daga inda ta tsaya, amma kafin a dawo da wutar faranti ya huce, abin ya saki. Bakin yana taɓa shi ya ture shi gefe. Aminu, duk wadda za ka saya, ka ware kuɗin inbata da batir tukuna.

Aminu: Yaya Musa, wannan da sauƙi, sola ce sana'ar tawa.

Musa: To madalla. Saura zare. Kada ka buga akwatin da zai zauna a rana da zaren roba nau'in PLA. Tana fara laushi a wajen digiri 60, ka tuna yadda cikin mota ko ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu. Nau'in PETG za ka nema, ita sai wajen 80. Da damina kuma ka rufe ta a roba mai murfi, tana shan danshi.

Injiniya Bashir: Dukansu biyun suna cin PETG, wannan bai raba gardama ba.

Anti Zainab: Abin da zai raba ta shi ne Creality da kansu sun sa na'urar daidaita faranti a Ender 3 V3 SE, ita ma a 2023. Da murɗa kusurwa alheri ne, da ba su cire wa mutane shi ba.

Injiniya Bashir: To ai ita ma Ender 3 ce! Kin dawo layina ke nan.

Anti Zainab: A'a, ba ita kake nufi ba da farko, kowa shaida ne.

Aminu: Yanzu na auna babban akwatin nawa, tsawonsa milimita 205.

Injiniya Bashir: Shi ke nan, ba zai shiga 180 ba.

Anti Zainab: Ya raba shi gida biyu ya ɗaure da noti mana. Aminu, turo mini zanen in gani.