Ina jul ɗaya ya shiga?

Sani: Salamu alaikum jama'a. Ni fa maganar nan ta cewa makamashi ba ya ɓata, a takarda kawai take. An rataya kilo 2 a jikin sifirin mai tauri k = 200, mu ɗauki g, wato jan ƙasa, a 10. Zai miƙe santimita 10 ya tsaya. Nauyin ya rasa makamashi jul 2 wajen saukowa, wato 2 × 10 × 0.1. Sifirin kuwa ½kx² ya ajiye (x shi ne miƙewar, mita 0.1), jul 1 kacal. Ina ɗayan? Aljanu suka ɗauke?

Habu: Ka dai yi kuskuren lissafi, sake dubawa.

Sani: Sau uku na buga, Habu.

Yaya Balki: Lissafinsa daidai ne. Sani, sakin nauyin ka yi, ko a hankali ka sauke shi da hannu?

Sani: Meye bambancin, Yaya? Duk wuri ɗaya zai tsaya.

Yaya Balki: Ai nan gizo ke saƙa. In ka sake shi, ba zai tsaya a santimita 10 ba. A nan ne ma ya fi gudu, mita 1 a daƙiƙa. Buga makamashin motsi ½mv² (m kilon, v gudun) ka gani: jul 1. Ga ɓataccenka nan, yana cikin motsi. Sai ya kai santimita 20 zai juyo, inda jul 4 na saukowa ya koma jul 4 na sifirin cif.

Habu: Wallahi haka ne. Jiya a kasuwar dabino ta Madina na rataya ledar ajwa a ma'aunin hannu mai ƙugiya, allurar ta zarce, ta dawo, ta yi ta rawa kafin ta natsu.

Sani: Yauwa, ta natsu! Da bakinka ka faɗa. Bayan ta natsu ina motsin?

Malam Isa: Ya zama zafi, ɗana. Iska ta karɓi nata, gogayyar cikin ƙarfen ta karɓi nata. Jul 1 ko cokalin shayi na ruwa ba zai ɗumama maka da digiri guda ba, ta ina hannunka zai ji shi, balle a zafin Madina? In kuma da hannu ka sauke, hannun ne ya karɓe shi, tunda yana tokare nauyin har ƙasa.

Sani: Allah gafarta Malam, na ji. Amma me ya sa tambayoyin jarrabawa ba sa ambaton zafin?

Yaya Balki: Suna ambata mana. Layin nan na "a yi watsi da gogayya" da kake tsallakewa kullum, shi ne.

Sani: To Habu, aro min ma'aunin nan bayan isha'i, sai na gani da idona.