Muhawara: tsallake majalisa wajen sayen kayan kariyar korona a Birtaniya, daidai ne?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Ga abin da na tsaya a kai: gwamnatin Birtaniya ta yi daidai da ta sayo wa ma'aikatan asibiti kayan kariya a 2020 ba tare da jiran majalisa ba. Daga Fabrairu zuwa Yuli ta yi odar kaya guda biliyan 32, takunkumi da safar hannu da riguna, a kan fam biliyan 12.5. A farashin 2019, fam biliyan 2.5 ya isa. Duniya kaf ke rububin masana'antun China, wanda ya tsaya jiran zaman kwamiti sai ya tarar an sayar wa wani. Ita majalisar ma ta tafi hutu ranar 25 ga Maris, ba ta dawo ba sai 21 ga Afrilu. Wa za a jira?

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa abu biyu wuri guda. Kwangila ba ta bi ta zauren majalisa tun asali. Sashe na 32 na dokar sayen kayan gwamnati ta 2015 ya riga ya yarda a ba da kwangila kai tsaye, ba gasa, idan gaggawa ta yi tsanani. Abin da majalisa ke dubawa shi ne ƙananan dokokin da minista ke sa wa hannu. Wasu suna fara aiki, kuma suna nan daram sai in majalisa ta soke su cikin kwana 40, abin da majalisar wakilai ba ta yi ba tun 1979. Wasu kuma minista na fara aiki da su nan take, amma in ba a amince ba cikin kwana 28 sun faɗi, kuma ba a ƙirga kwanakin hutu. Dokar kulle ta Ingila ta fara aiki 26 ga Maris, wakilai ba su yi muhawara a kanta ba sai 4 ga Mayu. To wane jinkiri majalisa ta jawo? Ba ta tare kowa ba.

Injiniya Bala: Barista ta taɓo inda nake so. Takunkumin da ke kare mutum daga cuta mai kisa, a ƙa'idar Turai, sai wata hukuma mai zaman kanta ta gwada samfurinsa, sannan a buga masa tambarin CE da lambar hukumar mai alƙaluma huɗu. Ranar 13 ga Maris 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta ba da shawarar a sassauta: a bar kaya su shiga hannun ma'aikatan lafiya kafin a gama wannan gwajin, muddin hukumar sa ido ta ƙasa ta gamsu. Birtaniya ta bi, HSE, hukumar kula da lafiya da tsaro a wurin aiki, ke ba da izini. Amma da takardar jagora aka yi ta aiki, wadda ba a jefa mata ƙuri'a. Sai ƙarshen shekarar, da wa'adin ficewa daga Tarayyar ya zo, aka mayar da sassaucin doka a Ingila. Wata tara ke nan ana sassauta ma'aunin abin da nas ke sa wa fuskarta, ba wakilin da aka nemi yardarsa.

Malam Nasiru: Injiniya, da an kai musu me za su gano? Ɗan majalisa ya san bambancin takunkumin FFP2 da na FFP3?

Injiniya Bala: Ba sai ya sani ba, tambaya zai yi a rubuce, a amsa masa a rubuce. FFP2 na tace aƙalla kashi 94 cikin ɗari, FFP3 kashi 99. Amma tacewar ba ta da amfani in iska na shiga ta gefen hanci ko kumatu. Shi ya sa ake gwada wa kowane ma'aikaci samfurin a fuskarsa, kuma asibitocin gwamnati na NHS ke son mai igiya ta bayan kai, don ita ke matse fuska. Mai maƙalawa a kunne yana saki. Kamfanin Ayanda Capital ya samu kwangilar fam miliyan 252, daga ciki takunkumin FFP2 miliyan 50 suka zo da igiyar kunne, aka kasa amfani da su a NHS. Kuskuren yana cikin takardar bayanin kaya tun kafin a biya. Duk wanda ya ga kwangilar da wuri zai iya nunawa.

Dakta Sa'adatu: Malam Nasiru, ina tare da kai a rabi. A Afrilun 2020 ba a isa a tsaya ba, asibitoci na ƙirga rigunan da suka rage da sa'o'i. Amma me ya kai su can? Rumbun ajiyar gwamnati don annobar mura aka tanade shi, kuma babu rigunan kariya masu dogon hannu a ciki, alhali kwamitin masana na NERVTAG ya ba da shawarar a saya tun Yunin 2019. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har jirgin soja aka tura Turkiyya ya kwaso wani ɓangare na odar riguna 400,000, aka zo aka tarar wasunsu ba su cika ma'auni ba. Nan ne majalisa ta yi sake, kwamitin lafiya ya kamata ya riƙa neman lissafin rumbun duk shekara: me ke ciki, nawa ne, yaushe zai lalace.

Barista Hadiza: Dakta, ga kuma wanda ya fi damuna. Doka ta ce a wallafa sanarwar kowace babbar kwangila cikin kwana 30. Wannan ba ya hana jirgi tashi, ba ya hana kaya isowa. Ba a yi ba. A Fabrairun 2021 babbar kotu ta ce ministan lafiya Matt Hancock ya saɓa doka a kan haka. Sannan ga layin 'yan gata, inda kamfanonin da ministoci da 'yan majalisa da manyan jami'ai suka gabatar ke samun kulawa ta daban. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da alƙaluma a Nuwamban 2020: a wannan layin 47 cikin 493 suka samu kwangila, a layin kowa da kowa 104 cikin 14,892. Ɗaya cikin goma, da ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Wata nawa ana haka majalisa ba ta da labari a hukumance?

Malam Nasiru: Barista, a faɗi hukuncin duka. Kotun da ta ce layin ya saɓa doka a Janairun 2022, ita ce kuma ta ce da alama Ayanda da wani kamfani mai suna PestFix za su samu kwangilar ko da sun bi layin kowa. Kuma wasu 'yan majalisar ne da kansu ke tura sunaye. Mai hannu a ciki zai sa ido a kan kansa?

Barista Hadiza: Shi ya sa nake cewa a wallafa, har da sunan wanda ya gabatar da kamfanin. Dubi kamfanin PPE Medpro, wanda Michelle Mone ta majalisar dattawa ta gabatar. Riguna miliyan 25 na fam miliyan 122, ba a sa ko ɗaya a asibiti ba. Sai Disamban 2022 wakilai suka tilasta a miƙa takardun ga kwamitin asusun gwamnati, sai Oktoban 2025 kotu ta ce a mayar da kuɗin.

Injiniya Bala: Kuma dalilin na fasaha ne. Rigar tiyata da aka ce an kashe mata ƙwayoyin cuta, sai an nuna hujjar cewa damar samun ƙwaya mai rai a jikinta ba ta wuce ɗaya cikin miliyan ba, da ingantaccen tsarin da aka bi. Ba a kawo wannan hujjar ba. Takarda ce da ake nema kafin a saki kuɗi.

Dakta Sa'adatu: Lissafin ma'aikatar lafiya na 2020 zuwa 2021 ya nuna darajar kayan ta ragu da fam biliyan 8.7. Kaso mafi girma faɗuwar farashi ce bayan rububi ya lafa, wannan na yafe. Sauran kuwa kaya ne marasa kyau, da waɗanda ba su dace da NHS ba, da waɗanda za su lalace kafin a kai gare su, ga kuɗin ajiyarsu a kwantenoni.

Malam Nasiru: Na amince da wallafawa cikin kwana 30, da lissafin rumbu duk shekara. Inda ban sauka ba: kada a ce sai an jefa ƙuri'a kafin sassaucin ma'auni ya fara aiki. A bar shi ya fara nan take, a rubuta shi a matsayin doka mai wa'adi, kwamiti ya zauna ta bidiyo cikin mako biyu ko da ana hutu, in bai gamsu ba ya kai wa zaure a soke.

Barista Hadiza: To a haɗa da sharaɗin cewa kwanakin hutu ma suna cikin ƙirga, Malam. In ba haka ba, mako biyun naka zai koma mako shida kamar na dokar kulle.